Manhajar da Ta Ƙi Hawa Wayar Uwaisu

Ku da kuke ta cika min waya da saƙo kuna cewa, "Aina'u ki daina jan aji, ki amince wa bawan Allahn nan," ku gyara zama. Zan ba ku labarin Talata da Larabar da suka wuce tiryan-tiryan, ba ragi ba ƙari, har da inda ni kaina ban yi kyau ba.

Ga wanda yau ya fara leƙowa, ni ce Aina'u, 'yar Malam Sama'ilu manomin tumatir da albasa a Kanyar Tudu, wani ƙauye a bayan Bagwai inda gona ke jingine da gona, ba ka gane iyaka sai da layin gamba. Innata ta rasu ina aji huɗu a firamare, Gwaggo Kulu ƙanwar Baba ce ta dawo gidan ta riƙe ni. Na yi karatun kwamfuta a Bici, na dawo da takarda da wata tsohuwar kwamfutar cinya mai fasasshen gefe, na shige ɗaki ina haɗa manhaja. Mutanen gari kuwa suka yanke hukunci cewa 'yar Malam Sama'ilu kallon fim take yi.

Sunan manhajar Layin Ruwa. Da rani, ruwan dam ta magudana ɗaya yake iso gonakinmu, ana buɗe wa kowa bi da bi, kuma layin a ka ake riƙe shi. Duk shekara sai an yi rigima, wannan ya ce an tsallake shi, wancan ya ce an ci masa awa biyu. Bara har fartanya aka ɗaga wa Baba. Shi ne na ce bari in yi abin da zai riƙe layin ba son kai, waya ta yi ƙara ta faɗa wa mutum da Hausa cewa gobe da hantsi ruwansa ne. Wata bakwai na kwashe a kan aikin nan. Ranar Alhamis ƙungiyar masu noman rani za ta zauna, kuma Baba ya ce min ya yi musu magana, za a duba.

Sai kuma Uwaisu. Shagon wayoyi gare shi a Bici, wata goma sha ɗaya ke nan yana zuwa wurina zance, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, ina son sa. Baba ya ce ranar Juma'a in an sauko daga masallaci kawunnan Uwaisu za su zo gaisuwa, amma sai in na ce to da bakina. Baba ba ya tilas. Gwaggo ce take yi masa wannan aikin ba tare da ya saka ta ba.

Ranar Talata da la'asar ina gaban madubi Gwaggo ta ɗaga labule ta shigo.

"Wannan atamfar za ki sa? Wadda kika je da ita bikin suna a Tofa?"

"Gwaggo, ai wankakkiya ce."

"Cire. Ɗauko leshin nan ruwan goro. Mutum ya ƙona mai tun daga Bici, ki fita masa kamar mai zuwa roron gyaɗa?" Ta zauna bakin gado tana kallon ina ɗaura ɗankwali. "Jibi Alhamis, gata Juma'a. Rana ba ta ƙarya, 'yar nan, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya, kuma ni ce uwar ɗiyar. Na riga na ba da aikin alkaki."

"Ai ban ce to ba tukuna."

"Bakinki ne bai ce ba. Turaren da kika juye a jikinki ya faɗa tuntuni."

Na yi dariya, na yafa mayafi, na ɗauki jug ɗin kunun aya da kofi biyu na fita.

Yana zaune a kan benci ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, babur ɗinsa a gefe ya sha wanki. Farar shadda ce a jikinsa ɗinkin tazarce, hula zanna ya karkata ta kaɗan, agogon nan nasa mai baƙar fata. Jama'a, Uwaisu ya iya sa kaya, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba.

"Injiniya, ranki ya daɗe."

"Yallaɓai, barka da hanya. Ya kasuwa?"

Muka gaisa, na zuba masa kunu, ya ba ni labarin wata mata da ta kawo masa wayar da ta faɗa tukunyar miya tana rantsuwa ruwan sama ne. Ina dariya, amma idona yana kan aljihunsa. Dalili kuwa, na gwada manhajata a waya tara: tawa, ta malaman firamare uku, ta mai kemis, da na wasu ƙawayena. Duk tsofaffi ne. Ban taɓa gwada ta a sabuwar waya ba, kuma a duk wanda na sani Uwaisu ne kaɗai yake da sabuwa fil. Sau uku ina roƙonsa, sau uku yana zamewa. Yau ba caji, gobe wayar kasuwa ce, jibi ya yi sauri.

Da ya fito da ita zai nuna min hoton wayar miyar, sai na yi wuf na karɓe.

"Yau kam ba inda za ka. Minti biyu kawai, in ga yadda take zama a babban gilashi."

"Haba Injiniya, ki bari sai..."

"Sai yaushe? Jibi ne fa zaman."

Na tura fayil ɗin daga wayata zuwa tasa, na danna. Ta ɗan yi juyi, sai ta rubuto cewa manhajar ba ta hau ba. Ban damu ba, wata bakwai ina shan irin wannan, har na san layin da nake bi. Na fara duba ma'ajiya ko ta cika, na tarar ko rabi ba ta kai ba. Na shiga saiti in ba wayar izinin karɓar manhajar da ba daga kasuwar manhajoji ta fito ba, sai na tarar an riga an ba da izinin. Na ɗan tsaya, na ce a raina mai sayar da waya ne, ba abin mamaki ba ne. Na goge fayil ɗin na sake turawa, ko ya sami rauni a hanya. Ta sake ƙi.

A karo na uku ne na daina sauri na karanta abin da ta rubuto har ƙarshe. Da Turanci ta ce manhajar ba ta hau ba saboda ta ci karo da wata da take cikin wayar.

Bari in yi muku bayani, don ku gane abin da saƙon nan yake nufi. Kowace manhaja suna biyu gare ta. Akwai wanda kowa yake gani a fuskar waya, akwai na ɓoye wanda mai haɗa ta ya raɗa mata. Nawa na ɓoye da sunan Innata da sunan ƙauyenmu na haɗa shi, ba wani mahaluƙi da zai zo da irinsa bisa katari. Sannan kowace tana ɗauke da hatimin kwamfutar da aka haɗa ta a kai. Da a ce tsohuwar tawa ce a wayar, mai hatimina, sabuwar za ta hau kanta ba gardama. Ƙin da ta yi yana nufin abu ɗaya: a cikin wayar Uwaisu akwai manhaja mai ɓoyayyen sunan tawa, amma da hatimin wani.

Na ɗago na dube shi. Yana kallon wasu awaki da ke wucewa kamar bai taɓa ganin akuya ba.

"Yallaɓai, ka taɓa sa Layin Ruwa a wayar nan?"

"Ni? Ai yau na fara ganin fayil ɗin."

"To me ya sa take cewa akwai wata a ciki?"

"Kin san wayoyin zamani da surutu. Ko sabis ne."

Ku ji fa. Mutumin da ya shekara shida yana sayar da waya shi ne yake ce min sabis ya hana fayil hawa, fayil ɗin da na tura waya zuwa waya ba ruwansa da sabis. Na soma shiga jerin manhajojin da ke cikin wayar. Ban kai ga harafi na uku ba ya miƙo hannu.

"Kawo, akwai kwastoman da nake jira ya kira ni."

A hankali ya zare ta daga hannuna, da murmushi, ya zura a aljihu har da dafe aljihun. Muka ci gaba da hira, in hira za a kira ta. Ya tambaye ni lafiyar Gwaggo sau biyu. Kunun ayar da yake shanye jug guda har ya nemi ƙari, rabin kofi ya bari. Tun ba a kira magariba ba ya buga babur, kuma da ya kai kwanar masallaci bai waiwayo ya ɗaga min hannu ba yadda ya saba.

Ko mayafi ban cire ba na shige ɗaki na jawo kwamfuta. Tun farkon aikin na saka wa manhajar wata 'yar dabara: duk wayar da ta faɗi a kai, ma'ana ta fice da kanta ana tsakiyar aiki, sai ta aiko min da rahoto, irin wayar, da ranar, da layin da ya kayar da ita a cikin rubutun da na haɗa ta da shi. Na yi sati uku ban buɗe shafin rahoton ba, tunda cikin mutum taran nan ba wanda ya kawo ƙorafi, ga data da tsada. Duk wanda ya kwafi aikina bai san da wannan dabarar ba, ko ya sani bai iya cire ta ba.

Shafin ya buɗe. Waya goma sha huɗu da ban san su ba. Faɗuwa sittin da uku. Ɗaya daga ciki irin wayar Uwaisu ce sak, ita kaɗai ta faɗi sau ashirin.

Na zauna daɓas a ƙasa. Abin da na fara ji ba fushi ba ne, kunya ce, irin ta wadda aka leƙa tana wanka. Fushin daga baya ya zo, kuma da ya zo sai ya wartsakar da ni, na soma karanta rahoton ɗaya bayan ɗaya.

Duk a layi ɗaya suke faɗuwa, kuma na san layin kamar yunwar cikina. Kuskurena ne na 'yar makaranta. Da nake tsara manhajar, na ɗauka kowane manomi da lambar wayarsa, don haka da lambar take gane mutum. Na manta a ina aka haife ni. A garinmu wa da ƙane da 'ya'yansu huɗu sai su haɗu a waya ɗaya, kowa da gonarsa. Da zarar an saka mutum na biyu da lambar da ta riga ta shiga, sai manhajar ta rikice ta fice. Ban gano ba sai ranar da na zo saka Baba da ƙanensa Baffa Usaini, waɗanda lamba ɗaya suke amfani da ita. A ranar na gyara, kuma ranar ita ce washegarin dawowata daga bikin sunan Tofa.

Ke nan kafin ranar aka kwafa. Na ƙara dubawa, sai na ga kwafin yana ɗauke da wani ƙari da na yi ana gobe zan tafi Tofan. Ke nan bayan wannan ranar aka kwafa. Tsakanin biyun kwana biyu ne rak, kwana biyun da ba na gida. Kwamfutar a cikin akwatina na bar ta, ƙarƙashin gado, ɗakin a kulle. Ban taɓa sa mata lambar sirri ba, na ce a gidanmu wa zai buɗe? Uwaisu kuwa bai taɓa wuce zaure ba. Da ɗan gari akan ci gari, kuma a hannun mutum ɗaya na bar makulli.

Na same ta a madafa tana tuƙa tuwo, ta ɗaure zani a ƙirji, hayaƙi ya cika wurin.

"Gwaggo, da na tafi Tofa, wani ya shiga ɗakina?"

Muciyar ta tsaya. Ba ta daɗe ba, amma ta tsaya, na gani.

"Wa zai shiga ɗakinki? Zinare kika ajiye?"

"An taɓa min kwamfuta."

"Ni me na sani game da talabijin ɗinki? Miƙo min garin nan."

Na miƙa mata. "Makullin a wurinki yake, Gwaggo."

"To ɓarauniya kike so ki ce min, ko me? Na goya ki, na share miki majina, yau kin yi boko kin zo kina min tambayar 'yan sanda." Ta barbaɗa gari ta ci gaba da tuƙi da ƙarfi fiye da yadda tuwon yake buƙata. Ba ta kalle ni ba. "Shawara zan ba ki kyauta. Mace mai yawan tone-tone ba ta daɗewa a ɗaki. Abin da manya suka rufe, bar shi a rufe har Juma'a ta wuce."

Manya. Ba ta ce "ni" ba, ba ta ce "ba komai" ba. A lokacin ban ba kalmar muhimmanci ba, domin na riga na gama shari'a a zuciyata: Gwaggo ce, son Uwaisu ya rufe mata ido, ya lallaɓa ta da atamfa da lemo ta miƙa masa. Har na ƙi cin tuwonta. Allah ya yafe min wannan.

Laraba da safe, bayan na share tsakar gida na ba kaji dusa, na zauna a kan turmi na rubuta masa saƙo. Ban yi sallamar da na saba ba.

"Waya 14. Faɗuwa 63. Taka sau 20. Duk rahoton yana zuwa wurina."

Na ga alamar ya karanta. Na ga yana rubutu, ya tsaya, yana rubutu, ya tsaya. Har na gama wanke-wanke kafin amsa ta shigo.

"Aina'u ki kwantar da hankalinki. Ba yadda kike zato ba ne."

"Yaya ne?"

"Zan miki bayani ido da ido."

"Jiya ido da ido muke, ka ce sabis ne."

Na jira. Sai ga wani dogo.

"Wallahi ban sata ba. Abokina Zaharaddini, wanda ya yi karatun kwamfuta a birni, shi ya sake haɗa ta a injinsa, mun ɗan gyara fuskarta kawai. Mun sa wa wasu manoma su gwada. Amma tana ta fita da kanta in ana rajista, ya yi sati biyu yana nema ya kasa gano matsalar. Tunda kin riga kin sani, don Allah ki faɗa min gyaran kafin gobe. Mutuncina ne a gaban mutane."

Na karanta sau uku. Masu karatu, kun taɓa jin ɓarawon akuya ya dawo wurin mai ita yana tambayar irin harawar da take ci? Na rubuta:

"Wa ya ba ka kwamfutata?"

"Ki bar wannan maganar."

"Gwaggo ce?"

"Ba ruwan Gwaggo."

"To wa?"

Wannan karon bai daɗe ba.

"Tambayi Baba."

Na ajiye wayar a kan turmi kamar ta ƙona ni. Na ce ƙarya yake, neman mafaka yake yi a bayan tsoho. Baban da in na yi rana ina aiki yake hana a buga tabarya kusa da ɗakina? Baban da ya sayar da tunkiyarsa ya sa min sola? Amma kalmar Gwaggo ta dawo min, kuma na tuna tun da na dawo daga Tofa, duk sanda na tambayi Baba maganar Alhamis sai ya ce "za a duba" yana kallon wani wuri. Ruwa ba ya tsami banza.

Na dama fura na zuba a kwanon sha, na zura hijabina mai ruwan toka, na ce wa Gwaggo yau ni zan kai wa Baba. Ta bi ni da kallo har na fice.

Gonar ba nisa. Na bi ta gefen magudana, ruwa yana gangarawa gonar maƙwabcinmu, tumatir ya soma ja, warin albasa ya cika iska. Na hango Baba a sunkuye yana gyara kunya, ya naɗe wando zuwa gwiwa, malafa a ka. Da ya gan ni ya miƙe yana dafe ƙugu, ya nufo inuwar mangwaro. Sunan mahaifiyarsa aka sa min, don haka bai taɓa kiran sunana ba.

"Uwata da kanta? Yau furar za ta yi albarka."

Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa masa. Na bari ya yi bisimilla ya sha rabi, don ko me ke cina ban isa in tare shi da magana da ƙishirwa a wuyansa ba.

"Baba, tambaya gare ni, ka yafe min in na yi rashin kunya."

"Ina jin ki."

"Da na tafi Tofa, kai ka ba wa Uwaisu kwamfutata?"

Ya ajiye ludayin a hankali. Bai yi kame-kame ba, Baba bai iya ba.

"Ni na ba shi. Na karɓi makulli a hannun Kulu, na ce kada ta faɗa miki. Wuni ɗaya ta yi a wurinsa ya dawo da ita."

Na zaci zan yi ihu. Hawaye ne kawai suka zubo, na sa gefen hijabi na tare.

"Me ya sa, Baba?"

Ya mayar da idonsa kan ruwan da ke wucewa.

"Na je musu da maganarki, Uwata. A gaban mutum ya fi talatin na tashi na ce 'yata ta yi abin da zai raba mu da rigimar ruwa. Shugaban ƙungiya, Alhaji Nata'ala, ya bari na gama tsaf, sannan ya ce, 'Malam Sama'ilu, yanzu yarinyar da ba ta taɓa riƙe fartanya ba, ko ɗakin kanta ba ta da shi, ita za ta faɗa mana ranar da za mu sha ruwa?' Aka yi dariya. Har waɗanda muka yi karatun allo tare suka yi." Ya share bakinsa da bayan hannu. "Na dawo gida na ji ki a ɗaki kina gwada muryar nan, tana cewa gobe da hantsi ruwanka ne, kina dariya ke kaɗai. Na kasa faɗa miki."

"Da ka faɗa min, Baba."

"Da na faɗa miki da kin mayar da ita akwati, wata bakwai sun tafi a banza. Shi ne na yi shawara da yaron nan. Ya ce in ba shi, shi namiji ne, ɗan kasuwa, za su saurare shi. Zai shigar da ita, in sun karɓa sun ga amfaninta, ranar Alhamis ya tashi a gaban kowa ya ce to ga mai aikin. Na ce ashe ka ga Alhaji Nata'ala zai haɗiye maganarsa da bakinsa. Na so in ba ki mamaki ne. In na yi kuskure, kuskuren uba ne, ki yafe."

Ban san me zan yi da zuciyata ba a lokacin. Ina jin haushinsa, ina jin tausayinsa, kuma can ƙasa wani sanyi ya fara shigowa, cewa ƙila Uwaisu ba maci amana ba ne, wauta ce kawai irin ta maza da ɓoye-ɓoye. Ƙila kunya ce ta sa ya ce sabis. Na soma nema masa uzuri tun bai nema ba, kun san halin zuciya in tana so.

Baba ya ga na share hawayena, sai fuskarsa ta saki. Ya cire malafa, ya cire hular da ke ƙarƙashinta, ya zaro wata takarda a ninke cikin leda.

"Tunda asiri ya tonu, bari ki gani. Wannan za a raba gobe. Ya kawo min guda tun satin jiya."

Ya warware ta a kan gwiwarsa yana lallaɓawa da tafin hannu don kada ƙasa ta taɓa. Takarda ce mai sheƙi, an buga ta da launi. Ga hoton waya, ga manhajata a ciki, an mayar da shuɗin da na zaɓa kore. A sama an rubuta LAYIN RUWA da manyan baƙaƙe. A ƙasa layi biyu: "Ƙirƙirar Uwaisu Abdulkabir," sai na biyun, "tare da Injiniya Zaharaddini." Sai lambar wayar shagonsa.

Na bi ta daga sama har ƙasa. Na juya bayanta, fari ne fes. Na sake juyowa na duba ƙananan rubutun da ke gefe, ko a can aka maƙale ni. Sunan maɗaba'a ne.

Baba ya sauke Alƙur'ani tun yana saurayi, yana rubuta wasiƙa da ajami, amma ko harafi ɗaya na boko bai sani ba.

"Na nuna wa mutanen majalisarmu," ya ce, yana murmushin da na daɗe ban gani a fuskarsa ba. "Na nuna wa Malam Abdulsalam hedimasta. Ya duba, ya duba, ya ce Allah ya sanya alheri, bai ƙara komai ba. Ina jin mamaki ne ya kama shi. Shi ya sa kika ga hankalina ya kwanta da maganar Juma'ar nan, Uwata. Namijin da zai ɗaga sunan mace tun kafin ta shiga gidansa, ba ka jin tsoron ba shi 'ya."

Ya matso da takardar kusa da ni, ya ɗora yatsansa mai taɓo a kan layi na biyu.

"Ya ce min na sama nasa ne, don su saurara, wannan kuma naki ne, har da Injiniya a gaba. Karanta min in ji yadda ya fito."

Yatsan nasa yana kan sunan Zaharaddini, ya kafe ni da ido yana jira.